Wasiƙa Zuwa Ga Baba Daga Tsibirin Orkney

Baba,

 Yaya damina? Allah ya sa a girbe lafiya.

Yaya ya gaya mini maganar da ta iso muku, cewa wai an ce ina aiki a gidan giya, kuma kun kwana biyu ba ku ce komai ba. Shirunku ya fi mini faɗa ciwo. Shi ya sa na ajiye waya na ɗauki takarda, don in faɗa muku komai dalla-dalla, har da abin da bai gama kwanta mini a rai ba.

Baba, ban taɓa kurɓar giya ba, kuma ba a gidanta nake aiki ba. A gona nake, kamar yadda kuka tarbiyyantar da ni. Karatun noman da na zo yi Sikotland shi ya kawo ni wannan tsibiri da ke can ƙuryar arewa, inda iska ba ta barin itace ya yi tsawo, inda a watan Yuni dare ba ya yin duhu sosai, har sai mutum ya dubi agogo kafin ya san lokacin isha'i. Abin da muke nomawa sha'ir ne. Wannan dai sha'ir ɗin da muka karanta a babin zakkar fidda-kai a zauren Malam, muna haddace sa'insa ba tare da mun taɓa ganin ƙwayarsa ba. Ranar da na fara damƙar sa a hannu sai da na yi shiru, na tuna abincin gidan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Amma wanda ake nomawa a nan ba irin na zamani ba ne. Suna kiransa bere. Tsohon iri ne da kakannin kakanninsu suka gada, an fi shekara dubu ana shuka shi a waɗannan tsibirai. Zangarniyarsa layi 6 ce, karansa dogo, kuma yana nuna da wuri har suna yi masa laƙabi da sha'irin kwana 90. Aibinsa a bayyane yake: yabanyarsa ba ta kai ta sabon iri ba ko kusa, kuma idan iska ta taso sai ya kwanta ƙasa, girbi ya zama wahala. Don haka manoma suka yi ta barin sa, har ya zamana saura 'yan gonaki ƙalilan. Sai dai yana da wata baiwa. A ƙasar rairayin bakin teku, wadda ke ƙarancin sinadarin manganis, sabon iri yakan yi rawaya ya tsumbure, shi kuwa ya tashi kore shar. Na gani da idona, kunya biyu gefe da gefe.

Abu biyu ne suka hana shi ɓacewa. Na farko wani tsohon gidan niƙa ne a ƙauyen Birsay, ana ce masa Barony Mill, wanda aka gina a 1873, kuma har yau ruwa ke juya duwatsunsa. A nan ake niƙa garin da suke yin wata gurasa tasu mai suna bannock. Ina cin ta kusan kullum, tana da ɗan ɗaci-ɗaci da ƙamshin gashi, da man shanu sai ta tuna mini da wainar gero. Na biyu kuwa shi ne tushen maganar da kuka ji.

Akwai wani kamfanin wiski a tsibirin Islay, can kudu maso yamma, mai suna Bruichladdich. An kafa shi a 1881, ya rufe a shekarun 1990, aka sake buɗe shi a 2001. Bayan 'yan shekaru suka haɗa kai da cibiyar binciken noma ta kwalejin Orkney, suka fara sayen bere daga manoma da farashin da zai sa noman ya biya. Yadda ake yin ta, a jiƙa ƙwayar ta yi tsiro, kamar dai yadda ake wa dawa, a busar, a dafa, a bari ta tashi, a tace ta da tururi a tukwanen tagulla, sannan a zuba a gangunan katako. Doka ba ta yarda a kira ta wiskin Sikotland ba sai ta shekara 3 a ganga. Galibin kamfanonin Islay suna busar da tsiron ne da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama da ake yankowa a ƙona, abin da ke sa wa giyar warin hayaƙi. Wannan ta bere ba a yi mata hayaƙin, wai don kada ya danne ɗanɗanon hatsin kansa. A jikin kwalbar kuma suna rubuta shekarar girbi da sunayen gonakin da suka noma.

Wannan rubutun sunan gona ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Shekara nawa kuna kai hatsi kasuwa, Baba, a juye naku a cikin na kowa, ya wuce kasuwar Dawanau, ba wanda zai san gumin waye? Dattijon da nake yi wa aiki, mutum mai ƙarancin magana, ya nuna mini kundin da yake rubuta ranar shuka da ranar girbin kowace shekara, ci gaba da na mahaifinsa. Bai taɓa ce mini yana alfahari ba, amma yadda yake buɗe shafukan ya isa.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Giyar nan tana cin mutane a ƙasar nan. Gwamnatinsu da kanta ta fara aiki da dokar mafi ƙarancin farashin barasa a 2018 saboda yawan masu mutuwa ta dalilinta. Na ga magidanci a kwance bakin titi da tsakar sanyi, na ga matar da ta zo ɗaukar sa. Kyan kwalba da sunan gona ba su sauya hukuncin Allah ba, kuma ba su sauya abin da na gani a fuskar matar nan ba.

Ga inda na tsaya. Tun makon farko na gaya wa dattijon cewa addinina ya hana ni sha, ya hana ni ɗauka, ya hana ni sayarwa. Na zaci zai ɓata rai. Sai ya gyaɗa kai kawai, ya mai da ni wajen filayen gwaji da buhunan da ke tafiya gidan niƙa, ranar lodin motar kamfanin kuwa ya ba ni wani aikin. Ranar walimar girbi ya ajiye mini ruwan tuffa da hannunsa, ba wanda ya tsokane ni. Wannan mutunta alkawari da barin mutum da addininsa na same shi a nan fiye da yadda na zata, kuma ina gode wa Allah.

Duk da haka zuciyata ba ta gama natsuwa ba. Irin da nake tsincewa ina gyarawa bana, wata gonar za ta shuka shi baɗi, kuma wani kaso nasa ganga zai nufa. Na san malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Shin gyaran iri ya shiga ciki, alhali daga irin nan ne gurasar mutane ke fitowa? Ina roƙon ku kai wa Malam wannan tambaya yadda na faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Abin da ya ce shi zan bi, ko da zai sa in nemi sauyin wurin aiki.

Sai roƙo na biyu, wanda ya fi hana ni barci. Maiwar Kaka. Yaya ya ce tun da aka karɓi sabon irin gero mai suna sosat, saura gefen gonar bayan gari kawai ake shuka ta, kuma ana shawarar a bari. Ban ga laifin sosat ba, tana nuna da wuri, ta fitar da mu kunya a shekarun da ruwa ya ɗauke. Amma na tuna yadda Kaka ke zaɓen zangarku mafi cika tun suna tsaye, ya ɗaure su daban, ya rataye can ƙuryar rumbu inda ko Inna ba ta taɓawa. Na tuna furarta da ke kwana ba ta saki ba. Mutanen nan sai da nasu ya kusa ƙarewa suka gano yana iya abin da sabon iri ba ya iyawa, kuma kuɗin giya ne ya taimaka ya tsaya da ƙafarsa. Mu ba mu da wannan hanyar, ba ma son ta. Abin da muke da shi ku ne da rumbunku.

Don Allah a bar mata ko kunya 20 ne duk shekara, ni zan ɗauki nauyin taki da 'yan ƙwadago. Idan an girbe a ware dami 2 na iri. Ƙanina ya sayi littafi ya rubuta sunan gona, da ranar shuka, da ranar da aka yanke. Ya kuma zauna da su Baffa ya rubuto mini sunayen duk irin gero da dawa da suka sani tun suna yara, kaura da farafara da sauransu, da wanda har yanzu akwai a hannun wani, da wanda aka daina gani.

Na aiko da ɗan saƙo ta hannun Yaya, a cire na Inna daban. Garin bere ma na ajiye mata ƙulli guda, in Allah ya kawo ni da babbar salla za ta gwada shi a tanda.

A gaida Malam, a ce ina neman addu'a.

Ɗanku mai biyayya.