Ɗiyar Yayata da Wasan Talabijin

A garuruwanmu, in yaro ya yi kumatu ya cika riga, uwarsa ake yaba wa. "Ma sha Allah, ana hutawa," in ji maƙwabta. Ban ga laifinmu ba, domin mu 'yan Nijar tamowa muka fi sani, shi ya sa jiki mai nama ya zama alamar wadata a idonmu. Sai dai birni ya canza. Yaron Maraɗi ko Yamai na yau kabu-kabu ke kai shi lakwal ya dawo da shi, ya zauna da salula a hannu, ga lemun kwalba, ga fanke, har barci ya ɗauke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibarsu ta kai matsayin cuta.

Ɗiyar yayata tana cikin wannan lissafi. Shekarunta 14 lokacin da likita ya auna ta, ya ce sukarin jininta ya fara hawa. Maganar ta girgiza mu, saboda ciwon suga ne ajalin mahaifinmu, kuma mun ga wahalar da ya sha. Likitan ya ce a rage zaƙi da maiƙo, ta riƙa motsa jiki awa guda kullum, kamar yadda hukumar ta tsara wa 'yan shekara 5 zuwa 17.

Faɗin awa guda da sauƙi, amma a ina za ta yi shi? Namiji yana da filin ƙwallo, yana da langa da kokawa. Budurwa kuwa daga lakwal sai islamiyya sai gida, kuma gaɗar dandali da iyayenmu mata suka yi ta mutu a unguwarmu. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Ranar wasanni a lakwal kullum sai ta ce kanta ke ciwo. Da na matsa mata da tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ni ba gudun nake tsoro ba, dariyar da ake yi mini in na yi gudu ita ce ba na so."

Ƙanen babanta da ke fatauci ne ya kawo musu tsohuwar na'urar Wii, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 2006. Abin da ya bambanta ta da sauran wasannin bidiyo shi ne a tsaye ake yin ta. Ɗan abin da ka riƙe a hannu yana jin motsinka: ka kai naushi, mutumin cikin talabijin ya kai naushi, ka yi tsalle ka juya a wasan Just Dance, a ba ka maki. Bayan la'asar sai ta rufe ƙofar falo ita da ƙannenta, su yi ta dambe da rawa har zufa ta jiƙa musu riga. Babu mai kallo, babu mai dariya.

Kada mai karatu ya ɗauka na'urar ce magani. A New Zealand an gwada irin waɗannan wasanni a kan yara 322 masu ƙiba na tsawon mako 24, aka ga sauƙi, amma ɗan kaɗan. A birnin Houston na Amurka kuma an raba wa yara Wii aka bar su da ita ba tare da wani tsari ba, sai aka tarar waɗanda aka bai wa wasannin motsa jiki ba su fi waɗanda aka bai wa na zaune motsi ba. Dalilin a fili yake: yaro yana gajiya da sabon abu, kuma yana saurin gano cewa yana iya kwanciya a kujera ya riƙa kaɗa hannu kawai ya ci maki.

Abin da ya taimaki ɗiyarmu shi ne uwarta. Yayata ta tsayar da lokaci, ta ɗaura ɗamara ta shiga wasan da kanta, ta daina sayen lemun kwalba ga kowa a gidan don kada yarinyar ta ji an ware ta. Ranar da aka ɗauke wuta, igiyar tsalle suke ɗauka su fita tsakar gida. Bayan 'yan watanni, ita da bakinta ta ce a riƙa tashinta bayan sallar asuba su zaga unguwa da ƙafa. Nauyinta bai ragu sosai ba, amma ya tsaya alhali tsawonta na ƙaruwa, kuma likita ya ce ga mai girma wannan ma nasara ce. Yanzu tana hawa bene ba ta haki.

Na san ba kowane gida ke da kuɗin na'ura ko tsayayyar wuta ba. Abin da yarinyar ta samu a falon nan, wato wurin da za ta yi zufa ba a yi mata ba'a ba da kuma babban da zai tsaya tare da ita, ana iya samar da shi da igiya, da tafi, da waƙar gaɗa a tsakar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In akwai irin wannan yaro a gidanku, 'yan uwa, ku kai shi a auna shi, ku hana a kira shi da sunan tsokana, sa'an nan ku tashi ku motsa tare da shi. Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a mai albarka.