Zufa a Filin Rangers

Albasa ce ta kai ni Anacha, ƙwallo kuma ta kai ni Inugu. Da muka sauke kaya na kwana wajen 'yan uwanmu fatake kusa da gadar Neja, washegari na hau mota zuwa Ama Hausa a Inugu. Mai masaukina dattijo ne Basakkwace. Tun kafin in ajiye jaka ya tuna mini cewa magajin garin Inugu na farko, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasarsu ne, an zaɓe shi a shekarun 1950.

"Yaro, ka tafi da ruwa da tawul," in ji shi, da ya ji filin Nnamdi Azikiwe na ƙungiyar Rangers zan nufa.

Na ce, "Baba, ni fa Bakano ne, na saba da rana."

Murmushi kawai ya yi.

Ƙarfe huɗu aka take leda. Filin na ɗaukar mutum kusan 22,000, ni kuwa ina ɓangaren talakawa, sama buɗe. Zafin Kano busasshe ne, kana yin zufa iska na shanye ta. A nan iskar kanta jiƙe take, zufar ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna a jiki, riga ta manne wa baya. Simintin da muke zaune a kai ya wuni yana shan rana, yanzu yana mayar mana. Magoya bayan Rangers na ta kaɗe-kaɗe abinsu. Wani Inyamuri da ke gefena ya ga ina haki, ya yaga kwalin da yake fifita da shi ya miƙo mini rabi. Har yau ban manta da fuskarsa ba.

Daga baya a Fatakwal, wajen mahautanmu, hirar zafin filin ta taso. Wani saurayi ya kawo zancen Qatar, inda aka sa na'urar sanyaya filaye a gasar duniya ta 2022, da rufaffun filayen jami'o'in Amurka. Na ce masa rufaffen fili a wannan laima, in wuta ta ɗauke, tanderu ne. Mu rumfa muke buƙata, mai tsawo, gefe a buɗe don iska ta ratsa, da famfon ruwan sha.

Masu gina mana filaye, don Allah ku fara kafa inuwa a kan ɓangaren talakawa, su ne ke cika filin.