Gawon da Ba a Shuka Ba

A bayan wani aji na ƙaramar sakandare a Damri, na tarar da ledojin fiya wata jere a inuwa, an yanke bakinsu, an cika su da ƙasa da taki. Malamin noma ne ya sa 'yan aji biyu rainon dogonyaro. Kowa da ledarsa, kowa da butarsa da safe.

Ina tsaye wata yarinya ta ce, "Malam, nawa fa ba irin nasu ba ne."

Ya tsuguna ya duba. Ganyen ƙanana ne, jere kamar haƙoran mataji. Gawo ne. A cikin kashin awakin da ta kwaso daga gidansu ƙwayar ta zo.

Ƙwayar gawo tauri gare ta. Masu rainon bishiya sai sun jiƙa ta a ruwan zafi ko sun kankare gefenta kafin ta tsiro. Akuya kuwa, in ta ci 'ya'yan gawo da rani, cikinta ne ke tausasa ɓawon, ta kuma ajiye ƙwayar a ƙasa tare da takinta. Ita ce dai akuyar da ta sa yaran nan suka yini saran ƙayar magarya don shinge.

Malamin ya ajiye darasin dogonyaro a ranar. Ya tambaye su bishiyar da ke kaɗe ganye da damina, ta yi kore shar da rani. Duk sun sani, don iyayensu ba sa sare gawo a gona: gero ya fi ƙiba a gindinsa. Sai ya ba su labarin Maraɗi, inda tun 1983 manoma suka koma sassabin zamani. Ba sa tumɓuke kututture. Sukan zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Miliyoyin bishiyoyi sun dawo a Nijar ta haka, ba buta, ba leda.

Saiwar gawo ƙasa take nufa da sauri, don haka malamin ya ce wa yarinyar ta dasa shi kafin ya huda ledar. Ta ce a gonar babanta za ta sa.

Da aka tashi na hango ta a hanya, leda a hannu, damin ƙaya a ka. Wata akuya na biye da ita.