Wasiƙar Usuman: Nahawun Ingilishi ta Ƙofar Adabi a Kademi

Duk malamin da ya koyar da Ingilishi a sakandare a ƙasar Gaya ya san nauyin da ke wuyansa: ɗalibin da bai samu kiredit a wannan darasi a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da Hausa yake son ya nazarta. Saboda wannan tsoro ne akasarinmu muka mayar da aji wurin haddar ƙa'idoji, aka bar adabi sai in lokaci ya ragu.

A shekarun da na yi ina koyarwa a Kademi, babu abin da ya fi wahalar da ɗalibaina kamar bambancin "went" da "has gone". Sun haddace jadawalin tsaf, amma da zarar an ce su rubuta insha'i sai komai ya cakuɗe. Littafin Cyprian Ekwensi, The Passport of Mallam Ilia (1960), shi ya buɗe mana hanya. Ekwensi haifaffen Minna ne, kuma labarin na ramuwar gayya ne: Malam Iliya yana farautar Usuman saboda mutuwar matarsa Zara. Yaran da suka tashi da tatsuniya ba su buƙaci dogon sharhi ba.

Na umarce su da kowa ya zama Usuman, ya rubuta wa Iliya wasiƙar kare kai. Kafin su fara, muka tsara labarin da baki cikin Hausa, na ja hankalinsu ga abin da harshensu ke yi ba tare da sun lura ba. Mai ba da labari yana jero aukuwa ne da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: suka haɗu, suka yi faɗa, suka rabu. Idan kuwa ya tsaya yana auna abin da ya rage a hannunsa yau, sai ya koma na ɗaya: sun rabu. Jerin "suka" shi ne mazaunin "went". "Sun" kuma sau da yawa yana kusa da "has gone". Daidaiton ba cikakke ba ne, masana nahawu za su kawo misalan da suka saɓa, kuma da gaskiyarsu. Amma ɗan aji huɗu tsani yake nema.

Wasiƙun sun zo da kurakurai, sai dai lokutan aikatau sun zauna fiye da yadda na saba gani. Wata ɗaliba ma ta ƙi zama Usuman, ta rubuta da muryar Zara, tana tuhumar mazajen biyu da mayar da ita abin caca.

Abin da ke damuna shi ne, malamin Hausa da na Ingilishi suna zaune a ofis ɗaya, suna koyar da yara ɗaya, amma manhaja ba ta tanadi ko darasi guda da zai haɗa Galadanci da Ekwensi a kan allo ɗaya ba.