Fentin Motar Taubashina

Yau labarin mota zan ba ka. Kada ka ce, ni da ko amalanke ba ni da shi, ina ruwana da mota? Ka dai gyara zama, ka karanta har ƙarshe.

Ina da wani taubashi, ɗan kawuna, direba ne a nan Magariya. Ya girme ni da shekara 9. A shekarar 2019 ya sayar da shanunsa, ya ƙara da bashi, ya sayi tsohuwar Toyota Land Cruiser, irin wadda muke kira kat-kat. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, shi ya sa rairayi ba ya kama ta da sauƙi. Motar ƙasar Japan ce, kuma tun 1954 take ɗauke da wannan suna.

Ka san hanyoyinmu. Kwalta ta taso daga Damagaram, ta bi ta Bande, ta shigo Magariya, ta wuce Tinkim a bakin iyaka. Da ka sauka daga kanta zuwa ƙauyuka, sai rairayi da fadama. A nan motar taubashina take neman abinci. Ranar Alhamis ta kai ƴan kasuwa Maigatari. Wata rana ta yi Dungas. Da tsakar dare ma akan buga masa ƙofa, ya ɗauki mace mai naƙuda zuwa likita.

Motar tana da ƙarfi, amma ta tsufa. Ƙarfen gaba da na baya, wanda direbobi ke kira bamba, duk ya yi tsatsa. Matakala da gefen tayoyi sun koɗe. Taubashina ya ce shi ma yana so a gane motarsa tun daga nesa. A 2020 ya kai ta wurin wani mai fenti, ya biya jika 15. Ya ce a yi wa bamba baƙi, a ja jan layi a gefe, a kuma rubuta masa karin magana a baya: ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.

Cikin yini ɗaya aka gama. Mota ta fito tana ƙyalli kamar amarya. Sai dai mai fentin bai san haruffa masu ƙugiya ba. Ga abin da ya rubuta:

KARYA FURE TAKE BA TA YAYA

Kai da ka iya karatu, ka ga abin da ya faru. Ƙarya ta koma karya, matar kare. Ƴaƴa sun koma yaya. Ƴan lakwal suka riƙa bin motar suna dariya. A tasha aka laƙaba masa suna Mai Karya. Shi kuwa bai san dalili ba, don bai iya karatu ba. Ya ɗauka wasa ne irin na tasha.

A nan zan faɗi laifina. Ni na karanta rubutun tun ranar farko. Ni ne malamin karatun manya, ni ne aka ba horon koyarwa a Damagaram. Amma ban gaya masa ba. Na ce ai taubashi ne, na samu abin tsokana. In na gan shi sai in ce, "Taubashi, ina gajiya, yaya karyar taka?" Shi kuma ya ce, "Tana nan lafiya, ta fi kekenka." Wata uku muna haka.

Ƴarsa ce ta fasa ƙwan. Tana aji uku a lakwal. Wata safiya ta tsaya bayan motar ta karanta da ƙarfi, sannan ta ce, "Baba, me ya sa aka rubuta karya a motarmu?"

Daren nan ya zo gidana. Bai yi wasa ba. Ya ce, "Malam, ashe kai ma ka sani?" Bai taɓa kira na Malam ba sai ran nan. Na rasa amsar da zan ba shi. Ya ce, "Na biya kuɗina aka zage ni, na ɗauki zagin ina yawo da shi gari gari." Na ba shi haƙuri. Kunyar da na ji ta fi tasa.

Tsiyar ba ta tsaya nan ba. Feshin fentin ya taɓa lambar motar, ya rufe rabin harafi. Jandarmomi suka tsayar da shi a hanya, kuma da gaskiyarsu, don lamba dole ta karantu. Ya yi asarar rabin yini yana kankara. Da damina ta sauka kuwa, fentin ya kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gujiya. Ashe a kan tsatsa aka shafa shi.

Da rani ya kama a 2021, taubashina ya shigo ajinmu. Ya zauna a tabarma tare da manoma da mahauta. Harafin da ya fara nema shi ne ƙ. Na nuna masa huɗun nan: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Na ce masa tun 1999 hukumar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, kuma waɗannan haruffa suna ciki. Ƙugiya ƙarama ce, amma ita ce ta raba baƙi da baki, ta raba ɓata da bata.

Bayan damina, a watan Oktoba na 2021, muka sake fentin da hannunmu. Wani tsohon makaniki ya koya mana. Ga yadda muka yi, ko zai amfane ka.

Na farko, mun zaɓi lokaci. Ba a fenti cikin hunturu, don ƙura tana mannewa. Ba a yi da tsakar rana, don fenti yakan bushe kafin ya kwanta. Ba a yi ranar hadari. Mu da safe muka yi, a inuwa.

Na biyu, mun kwance bamba mun ajiye ta a ƙasa. Muka wanke ta da sabulu, don fenti ba ya kama maiƙo.

Na uku, mun goge tsatsa da samfefa. A bayan kowace samfefa akwai lamba. Mai ƙaramar lamba, kamar 80, ita ce mai kaushi, da ita ake cin tsatsa. Mai babbar lamba, kamar 400, ita ce mai laushi, da ita ake ƙarasawa. Taubashina da kansa ya karanta lambobin a shago, ba wanda ya zaɓar masa. Wannan aiki ya ci mana yini biyu, sai da farin ƙarfe ya fito.

Ka san mece ce tsatsa? Ƙarfe ne ya haɗu da ruwa da iska. Aikin fenti shi ne ya raba su. In ka shafa fenti a kan tsatsa, ba ka kashe ta ba, ka lulluɓe ta ne kawai. Tana nan tana ci daga ciki.

Na huɗu, mun shafa fentin farko, mai hana tsatsa, muka bar shi ya kwana. Bambar motarsa ta ƙarfe ce. Yawancin sababbin motoci tasu ta roba ce, kuma roba da irin nata fentin farko. Ka tambaya kafin ka saya.

Na biyar, mun rufe fitilu da gilashi da lamba da tsohuwar takarda kafin mu taɓa gefen motar. Haka kuma lambar da aka buga a jikin ƙarfen mota, wadda dole ta yi daidai da ta cikin takardu. Ba a rufe ta da fenti.

Na shida, mun fesa baƙin fenti kaɗan kaɗan, sau uku, muna jira ya sha iska a tsakani. Gwangwanin feshi ya yi nesa da ƙarfe kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari. In ka zuba da yawa lokaci guda, sai ya yi hawaye. Mun ɗaure hanci da ƙyalle, mun kori yara. Ba taba, ba wuta a kusa, don fenti da ruwan da ake sirka shi suna kama wuta nan take.

Saura rubutu. Na ce bari in rubuta masa. Ya ce, "A'a, taubashi, na gode. An taɓa rubuta mini." Ya zana haruffa da alli tukuna, ya kira ƴarsa ta duba, sannan ya bi su da ƙaramin buroshi da farin fenti. Layin ya ɗan karkace. Amma ƙ ta fito da ƙugiyarta, ƴ biyu sun fito da tasu.

Damina ta wuce, wata ta biyo, fentin bai ɓare ba. A tasha har yanzu wasu na ce masa Mai Karya. Yanzu yakan yi dariya, ya nuna musu bayan motar ya ce, "Karanta mini, in ka iya."

To, ɗan uwa, kai ma kana da abin da ake rubuta maka: takardar bashi, takardar gona, takardar likita, buhun taki. Kafin ka sa hannu ko ka biya, ka karanta da idonka. Abin da ka ga yana ƙyalli, ka tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. In kuma ka ga an yi wa ɗan uwanka rubutun da bai iya karantawa ba, kada ka yi irin tawa. Ka gaya masa tun ranar, sannan ka kawo shi aji. Tabarmarmu tana da fili.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.