Rikodar Kawu a Ƙofar Gida

Kwanan baya ina cikin motar haya daga Katsina zuwa Dutsin-Ma, sai direba ya saki Bakandamiyar Shata. Kalangai na tashi na ji ƙamshin sabon gero ya cika mini hanci, alhali rani ne, ko zangarniya ɗaya babu a gonakin bakin hanya. Kafin mu kai Kurfi, zuciyata ta riga ta sauka a Barkiya, a ƙofar gidanmu, kan tabarmar kaba, kusa da rikodar Kawu.

Rikodar nan daga cirani Kawu ya zo da ita, shekaru kaɗan kafin a cire Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. Ya kai wa tela ya ɗinka mata riga ta yadi mai igiyar ratayawa, don kada ƙurar hunturu ta shige ta. Ba yaron da ke taɓa ta sai da izini. Aikinmu shi ne shanya batura a rana idan sun fara sanyi, muna fatan su ƙara mana dare ɗaya. In kuwa ta cinye zaren kaset, sai kowa ya yi tsit. Kawu zai buɗe murfin a hankali, ya zaro zaren kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri, ya zura biro a ramin kaset ɗin yana juyawa har ya naɗe. Inda ya tsinke ya liƙe da jan farce. Daga ranar, duk sa'ad da waƙa ta zo wurin liƙin sai muryar mawaƙi ta yi ɗan tsalle. Har yau idan na ji waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, kunnena yana jiran tsallen nan a daidai inda ya saba.

Bayan sallar isha'i ake fito da ita, musamman da kaka, in an gama ɗaurin dammuna hankali ya kwanta. Dattawa a kan buzu da tabarma, samari a tsaitsaye, mu yara a raɓe. Shata namu ne, ɗan Musawa, don haka shi ke buɗe hira. Amma kowa da gwaninsa. Wani dattijo da ya taɓa dambe da ƙuruciyarsa ba ya samun natsuwa sai an sa masa Ɗan Anace yana wasa Shago. Za ka ga yana dunƙule hannu ba tare da ya sani ba. Direbobi da yaransu sai Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, saboda waƙar Karen Mota tasu ce. Masu son tarihin sarauta su nemi Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo, a tsayar da kaset a yi ta musu kan ma'anar kalma ɗaya ta Zamfarci har wata ya yi nisa. A wurin nan na fara jin labarin mutum ya taka duniyar wata a 1969, domin Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, Kawu kuma ya yi mana fassara gwargwadon saninsa.

Mata ma da nasu rabon. Da hantsi, in maza za su tafi gona, Inna takan leƙo ta ce, "Yaya, a bar mana akwatin nan yau, muna da daka." Kawu ya ce, "To, amma a kula mini da batir." Sai a ɗora ta a kan turmin da aka kife, a sa Barmani Coge ta Funtuwa da kiɗan ƙwaryarta. Taɓare su riƙa sauka daidai da kiɗan, ana luguden ana dariya, wata ta ɗora guɗa. Barmani takan zuga mata su tashi su nemi sana'a, kuma na ga yadda Inna ke gyara ɗaurin zane idan an zo wurin, ita da ke soya ƙuli-ƙuli tana saya mana littafin makaranta da ribar.

Kaset a wancan zamani yawo yake yi kamar goron biki. Wanda ya je kasuwar Dutsin-Ma zai tsaya wurin mai kaset a ɗaukar masa sabuwar waƙa a kan fanko. Ya kwana biyu a gidansu, a aro shi zuwa maƙwabta, daga nan ya tsallaka wani ƙauye a aljihun ɗan biki, ya dawo bayan wata guda da sunan mai shi a jiki har ya kusa gogewa. Aron kaset zumunci ne, mayar da shi kuma amana. Waɗanda ba su da rikoda suna da Rediyon Kaduna da shirin Zaɓi Sonka, inda mutum zai aika kati a karanta sunansa da na masoyansa, a sa masa waƙar da ya zaɓa. Ranar da aka ambaci sunan wani yayanmu da sunan garinmu, sati guda ana yi masa barka kamar ya dawo daga Makka.

A watan Yunin 1999 rediyo ta sanar da rasuwar Shata, aka kai shi Daura aka binne. Daren nan Kawu ya fito da rikodar kamar kullum, ya ajiye ta gabansa, bai kunna ba. Mutane suka taru suna yi wa juna ta'aziyya tamkar ɗan gida ne ya tafi. Barmani ta bi shi a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Kawu da Inna su ma sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Yau duk waƙoƙin nan suna cikin wayata, a ɗan katin da bai kai farcen yatsa ba, kuma na gode wa Allah da ba su ɓata ba. Sai dai yaranmu kowa ya toshe kunnensa yana jin tasa shi kaɗai, ga kuma rashin tsaro da ya sa ƙauyukanmu da dama suka rage zaman hirar dare. Mu da muka ji waƙa a cikin taro, kowace waƙa tana ɗauke da fuskar wanda muka ji ta tare da shi, shi ya sa kalangu kan dawo mini da mutanen da ƙasa ta rufe.

Da na isa gida ran nan, bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kira yara, na sa waƙar Sarkin Daura, na ƙure wa wayar murya. Da aka zo wurin da zaren Kawu ya taɓa tsinkewa, na tsayar da waƙar na ce musu, "Ku matso, in ba ku labarin kakanku da biro."