Kilo Takwas da Zuciyar Maniyyaciya

Kwana uku kafin a kira maniyyatan Wudil zuwa sansanin alhazai na Kano, wata dattijuwa ta baje kayanta a kan tabarma: atamfa shida, garin kunu, kuka, yaji, ƙullin goro, da kwalabar man shanu. A gefe kuma ga 'yar jakar da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta ba ta, wadda ba a yarda nauyinta ya wuce kilo 8 ba. 'Yarta, ma'aikaciyar jinya, ta aro sikeli a wurin mai awon hatsi, ta zauna kusa da ita.

"Inna, rabin kayan nan a gida za su tsaya."

"Ke 'yar nan, a ƙasar mutane wa zai ba ni abin da bakina ya saba?"

Tsoron dattijuwar yana da tushe. Ta tashi tana jin labarin mutanen da, waɗanda suka haye kogin Wudil suka nufi gabas a ƙafa, ta Barno da Chadi har Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. A wurinsu guzuri shi ne rai. Amma jirgin sama ya mai da tafiyar ta 'yan sa'o'i, kuma abin da ya ceci matafiyin jiya yana iya jefa na yau cikin wahala.

Goro aka fara cirewa, domin Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma hukumar alhazai ta ƙasa ta sha yin gargaɗi a kansa. Man shanu ya bi baya, tunda ba a barin abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Haka ma almakashi da reza. Atamfa shida ta koma uku, aka naɗe kowace kamar tabarma maimakon ninkewa, don ta rage cin wuri. Takalma da sauran kaya masu nauyi suka kwanta a ƙasa, masu taushi a sama.

Sai 'yar ta ɗauko abin da uwar ta kusa mantawa: maganin hawan jini na tsawon tafiyar, a cikin kwalinsa na asali, haɗe da takardar likita. Ta sa shi a ƙaramar jakar rataye tare da fasfo da katin rigakafi. Jaka tana iya ɓata ko ta makara, amma jini ba ya jiran jaka.

Washegari maƙwabta suka fara sallama, kowa da ƙullin saƙo zuwa ga ɗan'uwansa a Makka. A nan ne gardama ta yi zafi, domin ƙin karɓar saƙo abin kunya ne. 'Yar ta tuna mata ɗalibar nan da aka kama a Madina a watan Disamba na 2018, bayan an liƙa sunanta a jikin jakar da ba tata ba, ɗauke da ƙwayar tiramadol, daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Idan wadda ba ta karɓi komai ba ta shafe wata huɗu a tsare, ina ga wadda ta karɓi ƙulli da hannunta?

Dattijuwar ta yi shiru. Daga baya ita da kanta ta fita ta ba masu saƙo haƙuri, ɗaya bayan ɗaya.

Da aka ɗora jakar a sikeli, kilo 7 ta nuna. Uwar ta miƙa hannu za ta ƙara garin kunu, sai ta janye.

"Bar shi haka," in ji ta. "Jikokina na jiran dabino."